Sittin da Biyar Na Rubuta

Ranar da muka koma zango na uku, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, shugabar makarantarmu ta tara mu a fili ta ce daga bana duk yarinyar da ta faɗi lissafi zango uku a jere, aji za ta maimaita. Ita dai ba ta kalle ni ba. Sauran 'yan makarantar ne suka kalle ni, har na layin gaba sai da suka juyo. Ina kyautata zaton akuyar maigadi ma ta bar takardar da take ci ta ɗago kai.

Na riga na faɗi zango biyu. A na farko na ci ashirin da ɗaya. A na biyu na ɗaura ɗamara, na yi iyakar ƙoƙarina, na ci goma sha tara.

Maimaita ajin kansa zan iya haɗiye shi. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne ƙanwata. Na girme ta da shekara uku, amma aji guda ne kawai tsakaninmu, saboda ni ban shiga boko da wuri ba. Babanmu yana da Islamiyya a zauren gidanmu a Limawa. Ni ce 'yar fari, a gefensa na tashi, sai da na kai shekara tara Umma ta matsa aka kai ni firamare aka jefa ni aji biyu. Ƙanwata kuwa a kan lokaci aka kai ta. Ita take zuwa ta ɗaya a ajinsu, kuma ba a taɓa yin abu a gabanta ya kwana bai isa kunnen Umma ba. In na maimaita, za ta tarar da ni, mu zauna ɗaki guda, malami guda, allo guda.

Tun a hanyar gida ta fara.

"Yaya, kar ki damu, zan riƙe miki wuri a bencinmu. A gaba muke zama, kusa da allo."

"Rufe min baki."

"In ba ki gane ba sai in dinga yi miki bayani a gida."

Na bi ta da gudu tun daga bakin titi har tsakar gida, ta ɓuya bayan Umma tana haki tana cewa ita taimako kawai ta yi niyya.

Malamin lissafinmu dattijo ne mai furfura, ba ya duka, ba ya zagi. Aji shida yake koyarwa, kowane aji kuwa in aka buɗe ƙofa sai yara sun zubo waje. In zai duba aiki, sai ya tara littattafai a teburinsa ƙarƙashin darbejiya, tsibi ya fi shi tsawo, ya riƙe jan biro, ya dubi amsar ƙarshe kawai ya wuce. Ba shi da lokacin fiye da haka. Littafina in ya dawo, kamar an yanka kaza a kai. Tun ina jin ciwo har na daina. Na koma bencin baya na kafa mulki, tunda an ce ba ni da kan lissafi, na ce bari in yi amfani da bakin da nake da shi. In Malam ya juya zai yi rubutu, ni ce mai kwaikwayon tarinsa. In aji ya yi shiru, ni ce mai kukan mage.

A sati na uku aka kawo mana ɗalibai daga kwalejin horar da malamai. 'Yan shekarar farko ne, masu karatun zama malaman lissafi. Ba koyarwa aka turo su yi ba, an ce su zo su zauna sati shida su ga yadda ake yi, su rubuta abin da suka gani. Aka raba su aji-aji, mu aka ba mu wata siririya mai hijabi ruwan toka, ta rungumo wani ƙaton littafi mai kauri kamar za a ƙwace mata. In ka sa ta cikin 'yan aji shida ba za ka ware ta ba.

Malam ya ce, "Wannan malama ce mai zuwa. Ba za ta koyar ba, ba za ta hukunta kowa ba. Kallo kawai za ta yi."

Na ce a hankali, irin a hankalin da ake ji har aji na kusa, "Ashe akwai karatun da ake yi da kallo. Ni ma shi nake yi shekara biyu."

Aji ya fashe. Malam ya yi kamar bai ji ba. Aka duba wurin zama, babu ko'ina sai gefena, domin ba mai son zama kusa da ni sai wadda ta shirya shiga uku. Nan ta zo ta zauna. Kafin a tashi mun raɗa mata suna Malamar Baya.

Na karɓe ta yadda na saba karɓar baƙi. Na ce mata ƙafar bencin nan ta ɓangarenta a karye take, ta zauna a ɗofane kar mu zube. Kwana uku tana zaune a bakin benci, rabin jikinta a iska, tana rubutu. Sannan na ce mata Malam ba ya ji da kunnen hagu, in za ta gaishe shi ta ɗaga murya sosai, in ba haka ba zai ɗauka raini ne. Washegari da safe ta same shi yana kafe babur ɗinsa, ta tsaya ta hagunsa ta ƙwala, "INA KWANA, MALAM!" Saura kaɗan ya kifa da babur ɗin. Tsuntsayen darbejiya suka watse, wasu har yau ba su dawo ba.

Na jira a kira ni ofis. Shiru. Ta shigo aji ta zauna, wannan karon a tsakiyar benci sosai, ta ce min ba tare da ta kalle ni ba, "Kunnen Malam ya warke. Ƙafar bencin ma na ga ta warke." Ta buɗe littafinta ta ci gaba da rubutu.

Littafin nan ya hana ni sakat. Na tabbata sunana ne a ciki tun daga bango har bango. Wata rana ta fita shan ruwa na buɗe. Da Turanci take rubutu, ƙanana kamar tururuwa, amma na tsinci abin da na tsinta. Ta rubuta cewa Malam ya yi tambaya goma sha ɗaya yau, duk ga benci uku na gaba. Ta rubuta cewa daga baya ba a ganin ƙasan allo sai an miƙe. A ƙasa kuma ta rubuta, "Ta kusa da ni tana magana ita kaɗai idan tana lissafi." Ba maganar benci, ba maganar kunne. Har na ɗan ji haushi, duk wahalar da na sha ba ta samu shiga ba.

Gaskiya ta faɗa, ina magana ni kaɗai. A gidanmu ba a karatu da baki a rufe, don haka ko lissafi nake yi sai leɓena ya motsa.

Wata Laraba, ana zafin nan na kafin ruwa ya sauka, wanda duwatsun garinmu suke ɗauka da rana su dawo mana da shi, Malam ya zana alwatika a allo. Kusurwa ɗaya sittin, ɗaya hamsin da biyar, a nemo ta ukun. Ya ce minti biyu, zai karɓi littattafai. Na sunkuya ina gunguni: sittin da hamsin da biyar, ɗari da sha biyar, a cire daga ɗari da tamanin, saura sittin da biyar. Na rubuta da sauri zan miƙa gaba. Sai Malamar Baya ta ɗora tafin hannunta a kan littafin.

"Nawa kika samu?"

"Sittin da biyar."

"Me kika rubuta?"

"Sittin da biyar mana, Malama. Ko gilashi za a nemo miki?"

"Sa yatsa ki karanta min ɗaya bayan ɗaya."

Na sa yatsa. "Shida. Biyar."

Ta dubi takardar, ta dube ni, ta sake duban takardar. Can ta ce, "Wace Islamiyya kike zuwa?"

"Ba na zuwa. A cikinta nake kwana."

Sai na ga ta ja hijabi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, tana ƙoƙarin kar Malam ya ji. Ni da na saba sa mutane dariya da gangan, ranar ban san me na yi ba, abin ya ba ni tsoro.

Ta juya bayan littafinta ta rubuta lambobin boko daga sifiri zuwa tara a layi ɗaya. A ƙasansu ta rubuta na Larabci, irin waɗanda suke ƙarshen kowace aya da ƙasan kowane shafi a Alƙur'ani. Ta ce, "Nuna min biyar ta Larabci." Na nuna: 'yar da'ira ce kamar ƙwai. Ta ce, "Da wa ta yi kama a layin sama?" Na duba. Sifirin boko, sak. Ta ce in nuna shida ta Larabci. Na nuna. Bakwai ce ta boko, ba abin da ya raba su. Sifirin Larabci kuwa ɗigo ne kawai, wanda kowa zai ɗauka biro ne ya ɗiga.

Ta turo min littafina. Na sake kallon sittin da biyar ɗina da idon Malam. Saba'in ce zaune a wurin, tana kallona.

Ban san tsawon lokacin da na yi baki buɗe ba, amma ƙuda ya isa ya shiga ya yi sallah ya fito. Lambobin Larabci su na fara sani a duniya. Da su nake nemo wa yara shafi tun ban iya ɗaura ɗankwali ba, kuma har lokacin kullum bayan la'asar ni nake rubuta wa 'yan hadda lambobin ayoyinsu a allon Baba, ni nake cika masa rajista. Da na shiga firamare, malamai sun kori biyu da uku da huɗu da bakwai da takwas na Larabci daga hannuna, saboda da ka gan su ka san baƙi ne. Ɗaya da tara kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Amma biyar da shida da sifiri sai suka sa yunifom suka saje da 'yan aji, ba wanda ya tare su a ƙofa. In ina rubutu a nutse, na boko nake yi. In an ce saura minti biyu, sai hannuna ya gudu gida ban sani ba.

Ta ce in ara mata littafin. Ta tafi da shi ranar Juma'a, ta dawo da shi Litinin, ta bi duk inda jan biro ya yi giciye ta sa 'yar alama da fensir a gefen waɗanda amsarsu daidai ce in an karanta yadda nake nufi. Sun kai rabi.

Na ce, "Sauran rabin fa?"

Ta ce, "Sauran kin faɗi ne tsakani da Allah. Da Larabci da boko duk ba daidai ba ne."

Duk da haka ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka. Na ce ta tashi yanzu-yanzu mu je ta gaya wa Malam ya dawo min da makina na shekara biyu, har da na firamare in yana da hanya. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce a kwaleji an ja musu kunne: ba gyara aka turo su yi ba, kar wanda ya sa baki a aikin malamin aji. Kuma Malam ne zai sa hannu a littafinta ranar tafiya. Ban da wannan ma, ta ce, "Mutumin nan ya haife ni. Ya fara koyarwa ban zo duniya ba. Da wane baki zan ce masa shekara biyu yana duba littafinki ba daidai ba?"

"Da bakin da kika gaishe shi ranar nan."

Ta harare ni, amma ba ta yi dariya ba. Kwana biyu tana juya abin. Ina ganinta tana rubuta wani abu a bayan littafi tana sokewa. Ni kuwa ƙanwata ta fara tambayar Umma ko za a saya mana littafin lissafi guda ɗaya ne baɗi, tunda tare za mu dinga amfani da shi.

Ranar Laraba lokacin hutun tara ta ce in biyo ta. Malam yana ƙarƙashin darbejiya a bayan tsibinsa. Ta rusuna har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, har na ɗauka za ta tambayi lafiyar babur. Sannan ta ce, "Malam, wani rubutu ne ya gagare ni karantawa, na ce bari in kawo wa Malam ya koya min. Ko Malam zai bari yarinyar ta karanta amsoshinta da baki, Malam yana duba takardar amsa?" Muryarta tana rawa kamar ta wadda aka kama da mangwaron maƙwabta.

Ya dube mu ta saman gilashi ya ce, "Bismillah."

Na karanta ta farko. Hamsin da shida. Ya duba takardarsa, daidai. Ya leƙa littafina, ya ga sifiri da bakwai. Na karanta ta biyu, goma sha biyar, a littafi goma. Ta uku, ɗari da hamsin, a littafi goma da ɗigo a gefe. A ta huɗu ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya cire gilashi ya ajiye a kan littattafai.

"Ke ba 'yar gidan Malam ba ce na Limawa?"

"Ni ce, Malam."

"Inna lillahi. Shekara biyu kina rubuta min lambar aya, ni kuma ina bin ki da jan biro."

Ya yi dariya har tarin nan nasa ya taso, na gasken, ba nawa ba. Da ya lafa sai ya shiga juya shafukan littafina a hankali, yana kallon jan da ke ciki. Ban taɓa ganin ya daɗe a kan littafin mutum ɗaya haka ba. Can ya dubi Malamar Baya ya ce, "'Yata, ba karatun ne ya gagare ki ba, na gane. Allah ya yi miki albarka. Tashi, ƙasa da zafi."

Ni kuma da ba na iya barin abu ya ƙare da kyau, na ce, "To Malam, makina fa?"

"Maki ya tafi. Abin da ke kan takarda shi ake dubawa. Gobe in kin zo jarrabawar fita, wanda zai duba takardarki bai san ki ba, bai san Babanki ba. Ya ga ƙwai, sifiri zai kira shi. Hannun za ki gyara." Ya juya wajenta. "Ki dinga zama da ita lokacin tara. In an tambaye ki, ki ce ni na sa ki."

Saura sati biyu da 'yan kwanaki ta tafi. Kullum lokacin tara muna bayan ajinmu a inuwar katanga, da awarata a leda, da littafi a cinya. Ta ce biyar ta boko Alhaji ce, dole a sa mata hula a sama da tumbi a ƙasa. Shida mage ce da ta naɗe ta ɗaga wutsiya. Sifiri kuwa sai an buɗe masa baki, ba a barin sa ɗigo. Ta lura cewa in na ambaci lamba da Hausa hannuna ya fi saurin zamewa, sai ta ce in dinga kiran waɗannan ukun da Turanci lokacin rubutawa. Haka na koma ina tafe a hanya ina faif, sikis, ziro, har wata tsohuwa mai sayar da dabino a bakin layinmu ta tambayi Umma ko an kai ni an duba ni. Ta kuma kafa min doka: kafin in miƙa kowace takarda, in bi duk wani ƙwai da duk wata bakwai in tambaye su, ku 'yan gidan wa ne?

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ɗaya rabin, duk abin da aka koyar ina can ina kukan mage. Nan ta fara gwada koyarwa a kaina. Wani lokaci bayaninta ya shiga, wani lokaci ta yi ta zagaye har ita ma ta ɓata. Ranar da muka zo kan cire lamba mai alamar ragi daga wata mai alamar ragi, ta yi bayani sau uku, ina kallonta kamar tana yaren China. Sai ta ajiye biro ta ce, "Tsaya. Na san amsar, amma ban san yadda zan sa ki gan ta ba. Ba ni zuwa gobe." Tunda nake ban taɓa jin malami ya faɗi haka ba. Washegari ta zo ta ja dogon layi a ƙasa da tsinke, ta sa ni ina taka shi gaba da baya kamar mai rawar 'yan mata, har abin ya zauna. Ta rubuta wannan ma a littafinta, da murmushi, ta cinye min sauran awara.

A nan na san 'yar wani ƙauye ce kusa da Ringim, babanta yana noman tumatir da albasa, kuma ita ma a Islamiyya ta fara sanin lamba. Ta ce tana ƙarama ta taɓa rubuta wa yayanta lambar waya, ya yini yana kiran wani mutum da bai sani ba.

A gida na ɗan ji tsoron gaya wa Baba, kar ya ɗauka ina ɗora wa karatunsa laifi. Ya sa na rubuta masa layi biyun a allo, ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai taɓa lura ba. Sannan ya ce daga yau har a gama jarrabawa, ƙanwata ce za ta dinga rubuta lambobin 'yan hadda da cika rajista, ni in huta da hannuna. Fuskar da ta yi ranar, da ina da waya da na ɗauka na ajiye wa jikokina.

A satinta na ƙarshe Malam ya ba ta minti goma ta tsaya gaban aji ta yi misali ɗaya. Ta fita, alli ya karye a hannunta tun kafin ta taɓa allo. Ta ɗauki wani, shi ma ya karye. Na ji 'yan tsakiya sun fara ƙus-ƙus, irin wanda ni na koya musu. Na miƙa wuya na ce a hankali, "Duk wadda ta yi tari a ajin nan, ni da ita ne a bakin famfo." Aka yi tsit. Minti goma cur ban ce uffan ba, har ta gaban bencina ta juyo ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Malamar Baya ta yi misalinta, muryarta ta daina rawa a wajen minti na huɗu, kuma tambayarta ta farko ta wurgo ta can baya, wajen wata yarinya da ina jin tun da aka gina ajin ba a taɓa tambayarta komai ba.

Ranar da za su tafi na shirya maganganu masu kyau tun daga gida. Na raka ta har bakin titi ina riƙe mata jaka. Da adaidaita ta tsaya, duk suka gudu daga kaina, abin da ya fito shi ne, "Malama, in kin zama shugabar makaranta ki soke lissafi." Ta yi dariya ta ce, "Ki tambayi ƙwayayenki." Ta shiga, suka tafi. Ba ni da waya a lokacin, ban kuma yi hankalin karɓar lambarta ba.

Bayan sati biyu muka yi jarrabawa. Na gama da sauran lokaci kaɗan, na koma farko ina bin su ɗaya-ɗaya ina tambaya. Na kama uku: biyar guda biyu sun shigo ba hula, da wata shida da ta yi shigar bakwai ta zauna a amsar tambaya ta huɗu kamar gidan ubanta. Na gyara su. Tambaya biyu kuwa ban san ko ta ina ake shiga ba, na bar su da Allah.

Ranar karɓar sakamako ban buɗe takardar a makaranta ba. Sai da muka zo lungunmu, ƙanwata tana leƙe ta ƙarƙashin hammatata. Lissafi: arba'in da bakwai. An wuce da ni aji uku. A gefe Malam ya rubuta da jan biron nan nasa, "Ta gyara."

Ƙanwata ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To shi ke nan. Dama na riga na yi wa wata alkawarin wurin."

Arba'in da bakwai ba abin a buga ganga ba ne, ƙanwata ta ci tamanin da wani abu ba wanda ya ce mata sannu. Amma Baba ya karɓi takardata ya duba, ya tambaye ni sunan malamar da garinsu, na faɗa masa. Bayan la'asar, da yara suka cika zaure, kafin a buɗe karatu ya ce kowa ya ɗaga hannu. Ya ce akwai wata baiwar Allah da take koyon aikin malanta, ta yi wa gidan nan alheri, za a roƙa mata Allah ya ba ta sa'ar karatunta, ya sa ta gama lafiya, ya haɗa ta da ɗalibai masu jin magana.

Ya ɗan dakata, ya dube ni ta gefen ido, ya ƙara da cewa, "Da haƙurin zama da marasa ji."

Yara sittin suka ce amin. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.